Tabkin da Bai Ƙifta Ba

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar fuskoki a Niyala,
a rumfar da ke kallon ofishin katin shaida.
Farin ƙyalle a baya: ɗaga haɓa, kar ka ƙifta.
Na ɗauki goshi da kunnuwa
har na daina ganin mutum.
Shi ya sa da ɗari ya kama bana
na garƙame shago, na rataya kyamara,
na hau motar lemo mai komawa Nartiti ba kaya.

Yagub ne ya ja ni, mutumin Fur,
mai jaki ɗaya da haƙorin azurfa ɗaya.
Kwana biyu muna hawan Jabal Marra,
gonaki hawa-hawa kamar matakalar soro,
albasa a nan, tafarnuwa a can.
Mata na yi mana sannu da harshen da ban iya ba,
in amsa da Larabci,
in yi nishi da Hausa.

A leɓen ramin muka kwana.
Wannan sanyi ba irin na gari ba ne
da bargo guda ke sallama.
Ruwan buta ya yi ɓawo,
sai da na fasa shi da ɗan yatsa
kafin na sami na alwala.

Da asuba na kafa ƙafafun kyamara cikin tsohuwar toka.
Can ƙasa, Dariba: tabki biyu a bakin dutsen da ya daina aman wuta.
Ɗaya shimfiɗe, gishiri ya zagaye shi
fari kamar leɓen mai azumi.
Ɗayan ƙarami, ya nutse cikin kansa,
baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi,
sai ka ce rijiyar marina da aka manta an kaɗa.
Yagub ya ce, kar ka jefa dutse, kar ka ɗaga murya.
Ban tambaye shi dalili ba.

Gajimare ya kwana a kan ruwan, bai tashi ba.
Na jira.
Yatsuna sun ƙi ni.
Batir ya mutu don sanyi,
na cusa shi a hammata kamar kaza da ƙwanta,
Yagub na dariya cikin mayafi,
yana hura wutar shayi da ƙiraren zaitun.

A nan na tuna Iya Tasalla.
Daga Haɗeja ta tako da ƙafa, niyyarta Makka.
Takan ce kwana tara dutsen nan na bin ta a hagu
kamar baƙon da ke jin kunyar sallama.
Ba ta hau ba. Ciki ya tsufa,
ta haifi ubana a gindin tsamiya,
tafiya ta zama zama.
Ni da na ɗauki rabin Niyala,
ba ni da hotonta ko na ƙwayar ido.

Sai rana ta taɓa ƙunya ta yamma,
ja, sannan ruwan zuma,
ta gangaro a hankali kamar tsohuwa a tudu.
Gajimaren ya yage daga tsakiya.
Ruwa ya buɗe, sama duka a cikinsa,
har da tauraro ɗaya da ya makara.
Na mayar da batir da hannu mai rawa,
na ji bakina ya faɗa, don sabo:
kar ka ƙifta.

Sau ɗaya na danna. Ya sake mutuwa.

Hoton bai miƙe ba, ya ɗan karkata,
kunnen jaki ya leƙo ta kusurwar dama.
Haka na wanke shi, ban yanke komai ba,
na kafa shi da ƙusa sama da kaina a shago.
Yanzu duk wanda ya zauna gaban farin ƙyalle,
mai neman aiki, mai neman tafiya,
wadda takardunta suka ƙone,
idonsa kan hau can da kansa.
Na daina cewa a ɗaga haɓa.